Yadda Nomau Ya Riƙe wa Yayarsa Ofis

A Kwarin Dinya, can bakin gari inda hanyar fadama ta ɗauko, akwai wani gida mai darbejiya a tsakarsa. Gidan Inna Delu ke nan. Maigidanta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata 'ya'ya biyu, Uwani da ƙanenta Nomau, kuma sai ka rantse ba ciki ɗaya suka fito ba. Uwani tun tana ƙarama kafin ka rufe baki ta gane inda ka dosa. Shi kuwa Nomau sai ka gama, ka maimaita, sannan ya tambaye ka ko shi ke nan. Ba hauka gare shi ba, kada a ɗauki alhakinsa. Ya yi makaranta, yana karatu yana rubutu, ga ƙarfi ga ladabi, bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Abin da ke damunsa ɗaya ne: yadda magana ta shiga kunnensa haka take zama, ba ya rage mata komai, ba ya kuma ƙara mata ko ƙwayar gero.

Duk garin an san labarin ragon. Wata shekara gab da Babbar Salla ragon Inna ya tsinke igiya, ta ce a fusace, "Bi shi, kada ka dawo gidan nan sai da ragon!" Nomau ya nausa daji. Kafin la'asar rago ya gaji da yawo ya dawo da kansa, ya ci dusa ya kwanta. Nomau shiru. Da aka bi sawu aka same shi a gindin wata ƙirya, aka ce masa rago na gida. Ya ce ya ji, ya kuma yi murna, amma Inna ta ce sai da ragon, ga shi kuwa ba rago a hannunsa. Aka yi juyin duniya ya ƙi tashi. Sai da aka koma aka jawo ragon har dajin, aka damƙa masa igiya, sannan ya taso ya biyo su yana murmushi.

Uwani ita ta yi karatun kwamfuta a birni, ta dawo ta samu aiki a ofishin gamayyar manoma na garin. Gamayyar tana da rassa a garuruwa da dama, kuma kowane malamin gona an ba shi kwamfutar hannu, wadda mutanen gari suka laƙaba wa suna allo. Da allon nan ake tantance manomi, da shi ake raba iri da taki. In allo bai buɗe ba, ko buhu ɗaya ba ya sauka daga mota. Aikin Uwani shi ne kiwon allunan. Daga kwamfutar teburinta tana ganin kowanne, tana iya kulle shi ko ta buɗe shi ko yana ina. A ƙuryar ofis akwai wani baƙin akwati mai ƙyafta ido, ana ce masa saba. In sabuwar manhaja ta zo daga birni a cikinsa take sauka, sai Uwani ta sake ta, alluna su ɗiba. Kafin kowa ya taɓa komai kuwa sai ya bi ta ƙofar shiga: ya rubuta sunansa da kalmar sirrinsa, a turo masa wata lamba a waya, ya shigar. Lambar Uwani a wayar ofis take sauka, wata 'yar waya mai tsagaggen gilashi.

To, Uwani ta yi aure, ciki ya tsufa, ta dawo gidan Inna haihuwar fari kamar yadda aka saba. Manajan reshen, Malam Ilu, bai ɓoye abin da ke ransa ba.

"Ni tun farko na faɗa, kujerar nan ba ta mai jego ba ce," in ji shi. "Rabon iri na tafe kafin ruwan farko. In allunan nan suka ba mu kunya, daga birni za a riƙa kula da su, ke kuma ki zauna ki yi renonki."

Uwani ta yi kuka ranar, don ta sha wuya kafin ta samu kujerar nan. Da ta share hawaye sai ta ce Nomau ne zai riƙe mata, shi da ke share ofishin tun da aka buɗe shi. Gari ya kwashe da dariya. Ta ce, "Masu wayo za su taɓa abin da ban ce ba. Nomau ba zai taɓa ba." Gaskiya ta faɗa, sai dai rabin gaskiyar ne. Shi kuwa Nomau tsoro ya kama shi, don a duniya ba wanda yake so kamar Yaya Uwani. Ita kaɗai ce ba ta taɓa yi masa dariyar rago ba. Ya rantse a ransa ko zai mutu kujerar nan ba za ta faɗi a hannunsa ba.

Wata rana, bayan Uwani ta sauka lafiya ta samu ɗiya mace, aka ɗauke wuta da hantsi. Bazara ce, kwanon ofis har ƙara yake don zafi. Dama ta ja masa kunne: "Saban nan ba ya son zafi. Ko me za ka bari, kada ka bari ya yi zafi." Fanka ta tsaya, idon saba ya daina ƙyaftawa. Nomau ya ruga gida ya suri maficin Inna, ya dawo ya durƙusa ya shiga fifita. Malaman gona suka zo da allunansu, suka tarar da shi gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Malam Barau, dattijon cikinsu, ya leƙa akwatin ya dube shi.

"Nomau, akwatin nan ai a mace yake."

"Amma da sanyinsa, Malam. Taɓa ka ji."

"Ga janareto can cike da mai, tada mana."

"Yaya ba ta ce ba."

Haka suka wuni a dakali ba wanda allonsa ya ɗebi komai. Da yamma Nomau ya tsaya a ƙofar ɗakin jego, hannu ya sage, fuska cike da fara'a, ya ce, "Yaya, yau saba ko ɗumi bai yi ba." Da ta ji yadda aka yi ta dafe kai. Ta ce, "In an ɗauke wuta ka tada janareto." Washegari aka ɗauke, ya tada. Wuta ta dawo, janareto na ta ruri, don ba wanda ya ce a kashe, har mai ya ƙare ƙarƙaf, mai shayin da ke maƙwabtaka ya koma yi wa masu saye magana da hannu. Tun daga nan Uwani ta gane duk maganar da za ta ba ƙanenta sai ta yi mata kai ta yi mata wutsiya.

Wata rana Malam Ilu ya shigo ofis yana sauri, ya ce ya manta kalmar sirrinsa, a sake masa wata yanzu yanzu. Nomau ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi iyali, sannan ya ce a ba shi katin aiki. Dokar Uwani ce: ba a sake wa kowa kalmar sirri sai ya nuna kati, kuma fuskarsa ta dace da hoton da ke jiki. Malam Ilu ya yi tsaki ya jefa katin a tebur. Nomau ya dubi hoto, ya dubi Manaja, ya sake duban hoto. Katin tsoho ne, tun kafin Malam Ilu ya ajiye gemu.

"Ranka ya daɗe, wannan na hoton ba shi da gemu."

"Kai, ba ka san ni ba ne?"

"Na san ka sarai, ranka ya daɗe. Kai ka ba ni tsohuwar hularka bara. Hoton ne dai bai dace ba."

Malam Ilu ya sa tafin hannu ya rufe gemun. "To, yanzu fa?"

Nomau ya ƙura ido, ya karkata kai. "Shi na hoton ba hannu a haɓarsa."

Ya kawo shawara da zuciya ɗaya, ya ce akwai wanzami a bakin masallaci, aikinsa ba ya jimawa. A nan ne Malam Ilu ya yi maganganun da ba za a maimaita ba. Ya fita fuu, ya je zauren Inna Delu ya tsaya yana aika saƙo ciki, ana kawo amsa, har Uwani ta aiko cewa gemu ba ya hana a gane mutum. Nomau ya sake masa kalmar, amma ya kwana yana juya abin a ransa, don jiya an ce sai fuska ta dace, yau kuma an ce gemu ba ya cikin lissafi. Malam Ilu kuwa da zai hau mota ya ce a gaya wa mai jego ta fara ban kwana da kujera.

Wata rana Malam Barau ya faɗo ofis ba hula, ya ce allonsa ya ɓace tare da jakarsa. Wannan kam Nomau ya haddace ta da kai da wutsiya: allon da ya ɓace a kulle shi nan take, a kunna masa ƙara don wanda ya ɗauka ya tsorata, kada a kashe ƙarar sai allon ya shigo ofis. Ya kulle. Da ya zo wajen ƙara sai ya ga ta cikin kwamfutar ba ta da wani ban tsoro, kamar kukan tsuntsu take, alhali Yaya ta ce a tsorata mutum. Ya kafa baki ya naɗi muryarsa, ya tura. Ashe jakar ba sace ta aka yi ba. Surukin Malam Barau, wani tsoho mai mutunci da ya zo kwana biyu ganin jikoki, shi ya ɗauke ta bisa kuskure don ta yi kama da tasa. Yana tsakiyar kasuwa yana taya buhun gishiri, sai jakar da ke hammatarsa ta ɓarke da muryar Nomau: "Ɓarawo! Ajiye! Allah na ganinka!"

Kasuwa ta yamutse. Mahauta suka taso, masu awo suka bar mudu. Malam Barau ya iso da gudu, ya ga wanda aka kewaye, sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, don mutum ne da ko ido ba sa haɗawa saboda kunyar surukuta. Ya tura a gaya wa Nomau an gani, ya kashe. Nomau ya ce alhamdu lillahi, amma sai allon ya shigo ofis. Tsohon kuma ya rantse ba zai saki jakar ba sai ya kai ta da hannunsa, kada a ce an ƙwace a wurinsa. Haka ya ratsa gari daga kasuwa har ofis, jaka na kiransa ɓarawo, Malam Barau na biye da kai a ƙasa. Yana sa ƙafa a ƙofa Nomau ya kashe ƙarar, ya durƙusa ya ce, "Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya?" Ya yi mamaki ƙwarai da tsohon bai amsa ba.

Wata rana Uwani ta ji ƙarfin jikinta, ta ce bari ta leƙa allunan daga kan gado ta ga ɓarnar da ta rage. Ta rubuta sunanta da kalmar sirrinta a wayarta, lamba ta sauka a wayar ofis, wadda ke ɗaure a ƙugun Nomau da tsumma. Ta ce ya karanto mata. Ya dafe wayar a ƙugunsa.

"Kin ce kada wayar ta bar jikina, kada kuma in faɗa wa kowa lambar. Kika ce ko ke."

"To ai ni ce na ce. Yanzu na ce ka faɗa."

"Wace Yayar zan bi, ta ranar ko ta yau?"

Inna tana dama kunun kanwa ta ce, "Ke kika jawo, 'yar nan." Nomau ya fita da wayar a ƙugu ya tafi wurin Liman ya shimfiɗa masa matsalar. Liman ya shafa gemu, ya ce ya duba, amma wannan ba ta cikin littattafan da ya karanta. A ƙarshe aka yi sulhu: Uwani ta rufe ido, Nomau ya danna lambar da yatsansa, ba tare da bakinsa ya furta ba. Ya fita yana jin ya tsallake babban haɗari, ko da yake bai san wane iri ba ne.

Wata rana, ana jibi rabon iri, hadari ya fara leƙowa daga gabas yana komawa. Malam Ilu ya kira wayar ofis. Ya ce sabuwar manhaja ta sauka a saba, umarni ne daga birni, duk rassa sun sake ta, a sake ta ga kowane allo yau ɗin nan. Nomau ya ce to, bari ya tambayi Yaya. Ya tarar da ita a bayan zana tana wankan jego, ruwan zafi da ganyen darbejiya na sauka, tururi ya sa kanta na juyawa. Ya faɗi saƙo daga nesa. Ta ɗaga murya ta ce, "Kada ka sake wa kowa tukuna. Sa ta a allon gwaji, ka yi duk abin da Malam Barau ke yi da nasa. Kada ka dawo mini sai ka ga ya buɗe ya yi aiki!" A nufinta abin da ba zai wuce shan kunu ba ne, a kan bencin ofis. Inna ta shiga maƙwabta, da ta ji kalmar "kada ka dawo" da ta tare ƙofa.

Nomau ya sa manhajar a allon gwaji, ya zauna ya yi tunani a kan abin da Malam Barau ke yi da nasa. Malam Barau dai ba a ofis yake aiki ba. Yakan sa malafa, ya hau keke, ya tsaya wurin mai goro, ya haye rafi ya tafi Tungar Tsallake, wata 'yar ruga da ko muryar rediyo da ƙyar take kaiwa, balle sabis na waya. Saboda haka Nomau ya kulle ofis, ya ari malafa da keke, ya tsaya wurin mai goro ko da yake shi ba ya ci, ya tura keken a yashin rafi har ya haye. Ya gaida Mai'unguwa doguwar gaisuwa irin ta Malam Barau, aka kawo fura ya sha, ya yi gyatsa don Malam Barau yana yi. Sannan ya zauna a gindin tsamiya, ya yi bisimilla, ya danna allo.

Allo ya kawo haske, wani ɗan zobe ya shiga juyawa a tsakiya. Ya juya, ya juya, sai rubutu ya fito cewa ba a samu ƙofar shiga ba. Nomau ya sake dannawa. Ya goge gilashin da bakin riga. Ya ɗaga shi sama, ya koma inuwa, ya fifita shi da malafa ko zafi ne. Zobe dai na ta juyawa. Mutanen ruga suka ce ya koma gida mana, rana ta yi. Ya ce Yaya ta ce sai ya buɗe. Suka dubi juna, wani tsoho ya ce, "Ba kai ne mai ragon nan ba?" Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo tuwo. Ya kwana nan, ya wuni, ya sake kwana, allo a cinyarsa, wayar ofis a ƙugunsa ba ta ko tari.

Ranar rabo da hantsi sai ga amalanken shanu da buhunan iri, Malam Barau na biye a keke. Da ya hangi malafa a gindin tsamiya ya kusa faɗuwa.

"Nomau! An neme ka har rijiya an leƙa!"

"Ina gwaji ne, Malam."

"Gwajin me? Manaja ya kusa cinye gemunsa. Yayarka ta so ta saki manhajar da kanta, lamba na zuwa ƙugunka. Mu kaɗai muka fito da tsohuwar manhaja a duk rassa. Ya rantse gaban mutane kujerarta ta tafi."

Malam Barau ya zauna, ya danna nasa allon, nan take ya buɗe. Manoma suka yi layi, buhu na sauka, kowa na saɓa nasa. Nomau ya dubi allon Malam Barau, ya dubi nasa mai juya zobe, sai ya gane abin da ya ga kamar shi ne gaskiya: wuri ɗaya, tsamiya ɗaya, fura ɗaya, na wancan ya buɗe nasa ya ƙi, ashe shi ne ya lalata. Hawaye suka zubo masa, babban mutum da shi, bai ko ɓoye ba. Abu ɗaya aka ba shi amana a duniya, ga shi ya kayar. Malam Barau ya tausaya masa duk da abin da ya faru a kasuwa, ya ce ya taso su tafi. Nomau ya girgiza kai. Kujera ta riga ta tafi, in ji shi, to kada kuma ya ƙara da saɓa maganar Yaya. Da aka gama rabo Malam Barau ya koma gari ya faɗi inda ya gan shi.

Da la'asar sakaliya, hadari ya haɗo baƙi ƙirin, sai aka ji kukan mota a hayin rafi. Nomau ya ɗaga kai ya hango mutum biyu suna ratso yashi. Na gaba mai gemu ne. Ta baya mace ce lulluɓe da zane biyu, tana takawa a hankali, da jaririya a ƙirji. Yaya Uwani ce, ga shi ba ta yi arba'in ba, kuma bai taɓa jin mai jego ta haye rafi ba. Ya miƙe, ya tuna bai kamata ya tafi ba, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa.

Malam Ilu ya iso yana haki. Ya sa hannu a aljihu ya zaro kati sabo fil ya miƙa. Nomau ya karɓa ya duba. Hoton da gemu.

"Ya dace, ranka ya daɗe."

"Madalla. To saurara." Malam Ilu ya share gumi. Ya ce tun azahar wayarsa ba ta huta ba. Sabuwar manhajar nan, duk lokacin da za a buɗe allo sai ta tambayi ƙofar shiga da ke birni, in ba sabis kuwa ba ta buɗewa. A ofis lafiya lau take, shi ya sa ba wanda ya lura. Yau malaman gona na sauran rassa suna can ƙauyuka tsaye da alluna masu juya zobe, motoci cike da iri, manoma na zagi, ga ruwa na shirin sauka. Reshen Kwarin Dinya kaɗai ya raba irinsa tas. Daga birni an tambayi wa ke kula da allunan reshen, an ce daga yau kada a saki komai ko'ina sai an kai shi inda ba sabis an gwada, yadda Uwani ta sa aka yi.

"Na ce musu mai jego ce," in ji Malam Ilu, yana kallon gefe. "Kujerarta tana nan. Ni na faɗi waccan maganar, ni na janye ta."

Nomau ya dubi Manaja, ya dubi yayarsa. Bai gane ko ɗaya ba. Ya miƙa mata allon da hannu biyu.

"Bai buɗe ba, Yaya. Na yi duk abin da Malam Barau ke yi, har goro na saya. Ki yafe mini."

"Rashin buɗewar nan shi ya tsare mini aikina, Nomau."

"To in ya buɗe fa?"

"Da mun shiga uku."

"Amma kin ce in jira ya buɗe."

Uwani ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. Ta ce Inna ta tare ƙofa ta ce mai jego ba ta fita, ita kuma ta ce wa Inna an taɓa kai rago daji saboda shi, yau ita za ta kai kanta. Ta ce, "Na janye maganar. Tashi mu tafi gida."

Nomau ya ce, "Wace Yayar zan bi, ta bayan zana ko ta yanzu?"

"Wadda ta hayo rafi da ɗanyen jiki don ta zo ta ɗauke ka."

Wannan kam ya gane ta ba sai an maimaita ba. Ya naɗe tabarmar mutane ya mayar, ya yi godiya, ya saɓa keken aro a kafaɗa. Suna kaiwa mota iska ta taso, ɗigon farko ya bugi gilashi. Uwani ta gaji liƙis, ta miƙa masa jaririyar a kujerar baya. Ya karɓe ta kamar ƙwai, ya ƙame.

"Yaya, in ta yi kuka in yi yaya?"

"Ka miƙo mini ita."

"In ba ta yi ba fa?"

"Ka riƙe ta."

Yarinya kuwa ta samu ƙirji mai faɗi, ta yi barcinta har gida. Inna ta fito zaure da faɗa a bakinta, ta miƙa hannu ta ce a ba ta jikarta. Nomau ya ja da baya cikin ladabi, ya ce ba ta yi kuka ba tukuna. Inna ta buɗe baki, ta dubi Uwani, Uwani ta dubi Malam Ilu, ba wanda ya ga ta inda zai ɓullo. Sai kowa ya nemi wuri ya zauna. Ruwan farko na ta sauka a kan Kwarin Dinya, ƙamshin ƙasa ya cika zauren, kowane manomi na gida da buhun irinsa, su kuma suna zaune suna jiran jaririya ta ga dama. Da ta farka ta tsanyara kuka, Nomau ya yi ajiyar zuciya, ya tsallake hannun Inna da ke miƙe, ya ba Yaya Uwani, don ita ta ce a miƙo mata.